Yadda na hau kujerar mata a hukumar filaye ta komin ɗinmu

Tun da aka sa ni cikin hukumar filaye ta komin ɗinmu, wato ƙaramar hukumarmu, tambayar da mata suka fi yi mini ita ce: wa ya tsaya miki? Ana yi mini ita a gidan biki, a bakin rijiya, har a cikin motar zuwa Kasuwar Dole ranar Alhamis. A tunanin mutanenmu ba a shiga wata hukuma ta gwamnati sai da uwa a gindin murhu, ko da katin jam'iyyar da ke ci. Ban ga laifinsu ba, domin sau da yawa haka abin yake, kuma a wurinmu ma saura ƙiris ya tafi a haka. Shi ya sa nake son in faɗi yadda aka yi dalla-dalla, don wadda za ta nemi kujerar bayana ta san hanyar, ta kuma san inda ake karkatar da ita.

Ni manomiya ce. Ina da gamanata, wato ƴar gonar da nake nomawa don kaina, ta gyaɗa da wake, ina matsar mai da tuyar ƙuli-ƙuli. Na yi lekol har aji shida kafin a yi mini aure, saboda haka ni ke riƙe da littafin asusunmu na Mata Masu Dubara. Garinmu yana kudancin jihar Damagaram, inda gona ta haɗe da gona har yaro ba zai yarda an taɓa yin daji a wurin ba.

Hukumar, Kofo muke ce mata. Ta samo asali daga dokar karkara, Kod Rural, wadda aka sa wa hannu ranar 2 ga Maris 1993, ƙasa da shekara biyu bayan abin da ya faru a Toda ta jihar Maraɗi a 1991, inda rigimar manoma da makiyaya ta ci rayuka sama da ɗari, galibi mata da yara. Kofo na farko a duk Nijar an kafa su a 1994, ɗaya a Mirya, nan jiharmu, ɗaya a Maine-Soroa ta jihar Diffa. Yau akwai ta gari wadda maigari ke shugabanta, akwai ta komin a hannun shugaban komin (magajin gari a da, kantoma tun 2024), akwai ta gunduma a hannun firefe, sannan ga ofishin jiha a birnin Damagaram ƙarƙashin gwamna. Aikinta shi ne ta san wace gona ta wa ce, ta sa a rubuta saye da kyauta da aro da jingina, ta kare burtali da mashaya da wuraren kiwo. Ba ta yanke hukunci. Sulhu na sarakuna ne, in ya gagara sai alƙali.

Wata takardar gwamnati ta 25 ga Nuwamba 2005 ita ta tsara waɗanda ke zama a Kofo ta komin, kuma duk wanda ya duba ta zai ga ba ta ƙofa ɗaya ake shiga ba. Wasu muƙaminsu ne ke kawo su: magajin gari, sarakunan ƙasa da shugabannin makiyaya, da ma'aikatan noma, kiwo, gandun daji da makamantansu. Ranar da aka canja wa ɗayansu wurin aiki, wanda ya gaje shi ya gaji kujerar. Ƴan majalisar komin kuwa majalisarsu ke ware wasu daga cikinsu, har da mace. Sai mu masu cin abinci da ƙasar: wakilin manoma, makiyaya biyu waɗanda ake so ɗaya ya zama mai tafiya da dabbobi, mata biyu, matashi, mai sana'ar itace, da wakilin masu kula da rijiyoyi. Mu, takardar ta ce ƴan uwanmu masu sana'a irin tamu su za su fidda mu, na shekara uku, kuma ana iya sabuntawa.

Ƙanin maigidana da ke zaune a Kano ya yi mamaki da na ba shi wannan labari. Ya ce a can, mambobin manyan hukumomin jiha, irin hukumar ɗaukar ma'aikata da hukumar zaɓe ta jiha, gwamna ke zaɓar su, ya aika sunayensu majalisar dokokin jiha ta tantance, su yi shekara biyar. Na ce masa mu nan gwamnan ma daga Yamai ake naɗo shi. Amma a wannan ƴar hukuma tamu ta karkara, doka ta bar wa talaka ƙofarsa.

Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 13 ga Disamba 2020 aka samu sabuwar majalisa, aka ce za a sabunta Kofo. Mu ba mu ji komai ba sai da damina ta zauna. Wata safiya mai shela ya zaga gari yana cewa baƙi daga gunduma suna ƙofar maigari, ana neman manoma da makiyaya da mata. Muka je mu ƴan asusu, muka zauna a bayan maza inda muka saba zama. Sakataren Kofo na gunduma, wani mutum mai sanyin magana, ya yi bayani har ya kai ga kujerun mata. Sai wani daga cikin ƴan rakiyarsa na komin ya ce ai wannan an gama, ya zaro takarda daga aljihun gabansa ya karanta sunaye biyu. Ɗaya matar wani attajiri ce a garin da ofishin komin yake, ɗayar kuma ƴar uwar wani ɗan siyasa. Duk mun san su, mutanen kirki ne, amma babu wadda ta taɓa kama hauya da sunan noma.

Sakataren ya karɓi takardar, ya juya bayanta, ya ga ba komai. Ya ce, "A wane taro aka fidda su? Ina takardar zaman, ina sa hannun waɗanda suka halarta?" Mutumin ya ce an dai tuntuɓi manya. Sakataren ya miƙa masa abarsa, ya juyo wajenmu ya ce, "Iyayena mata, ku aka tuntuɓa?" Muka yi shiru, domin ba mu saba a tambaye mu a gaban maigari ba. Wata gwaggona ce, tsohuwa wadda ba ta tsoron kowa, ta ce, "Ɗana, yau muka fara ji." Ya ce to ba a yi ba ke nan, sai an yi.

Na daɗe ina tunanin wannan rana. Da mutumin nan ya ninke takardar ya sa a jakarsa, ba wanda zai ce an karya doka. Sunayen mata ne, guda biyu ne, da an buga musu hatimi shi ke nan. Haka ake cike kujeru da yawa a ƙasar nan, kuma ba lallai don mugunta ba. Zaga garuruwa yana cin mai, yana cin lokaci, komin ba ta da kuɗi, sai a ce a kawo sunan wanda ke kusa. Wanda ke kusa kuwa kullum na manya ne.

Aka shirya kowane gari matansa su zauna su fidda wakilai, wakilan su haɗu a babban taro. Kafin in yarda a ambaci sunana sai da na shawo kan gida. Maigidana bai hana ba, amma ya ce, "Ke kin san maganar gona ba wasa ba ce. Za ki zauna da sarki, za ki faɗi abin da wani ba ya so, gobe a daina gaishe ni a masallaci." Surukata ce ta raba gardamar. Ta ce masa, "Gonar ubana ina ji ina gani ƙannena suka sayar, aka ba ni turmin zane. Bar ta ta je." Na ce, "Inna, ki sa mini albarka." Ta sa.

Babban taron bai yiwu ba sai bayan kaka, kuma dalilin jinkirin ya cancanci a faɗe shi. Arɗon Fulanin yankinmu ya aiko cewa in aka yi zaɓe da damina, to a cire kujerar mai tafiya da dabbobi, domin duk masu tafiyar suna arewa, wajen Tanut da Tasker, ba su saukowa sai an yi girbi. Gaskiya ya faɗa. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta ce yawo da dabbobi haƙƙin makiyayi ne, amma idan aka kira taro lokacin da ba ya nan, kujerarsa sai ta faɗa hannun wani ɗan kasuwa mai shanun ajiya a bayan gida, wanda bai taɓa kwana a burtali ba. Ranar taro kaɗai ta isa ta ba mutum kujera ko ta hana shi, ba tare da an ce da shi uffan ba.

Ranar da muka haɗu, a inuwar bedin da ke harabar makaranta, an bar mu mu kaɗai da wata ma'aikaciyar kula da ci gaban mata da kuma mai rubutu. Kafin a ambaci sunan kowa, sai da muka yi doguwar muhawara a kan irin matar da muke so. Aka ce ta zama tana noma ko kiwo da hannunta. Aka ce ba mai tafiya cin rani ba ce, wadda za a nema a ce tana Kano ko Agadas. Aka ce mijinta ya amince a gaban shaidu, don kada a kira zama a ce ba ta fita. Maganar karatu ce ta fi ɗaukar lokaci. Wasu suka ce sai mai jin Faransanci, tun da takardun da shi ake rubutawa. Wasu suka ce in haka ne an kori kusan kowa, sai ƴan matan da ba su san kan iyakar gonar ubansu ba. Aka tsaya a kan ɗaya ta iya karatu, ɗayar kuwa ko ba ta iya ba, in dai tana iya buɗe baki a gaban sarki.

Sai wata mata daga wani ƙauyen gabas ta miƙe. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara, ƴan uwansa suka ce gamanar da ta shekara da shekaru tana nomawa aro ce, suka karɓe bayan ta gama takaba. Ba ta yi kuka ba. Ta buɗe ɗaurin bakin zanenta ta fito da wata ƴar takarda da ta yi laushi don tsufa, wadda mijin ya sa wani malami ya rubuta da ajami cewa ya ba ta gonar, amma babu shaida, babu hatimin maigari. Ta ce, "Wadda za ku tura, ta zama ta san zafin wannan. Wadda aka ɗora don a faranta wa wani, kayan aro ce, ba ta rufe mana katara." Bayan wannan magana ba a ƙara kawo sunan matan nan biyu na cikin aljihu ba, ko da yake ɗayarsu tana zaune a wurin, kuma daga baya ita ma ta bi layi kamar kowa.

Kujera ɗaya muka bar wa matan rugage, suka keɓe suka fidda tasu, wata mai sayar da nono da kowa ya sani a kasuwanninmu. Ɗayar kuma muka tsaya mu uku. An so a yi sulhu wasu su janye, bai yiwu ba, sai aka ce a yi layi. Muka juya baya, mata suka jeru a bayan wadda suke so, ma'aikaciyar ta bi tana ƙirgawa da ƙarfi kowa na ji. Layi yana da aibinsa, domin maƙwabciyarki tana ganin inda kika tsaya, kuma akwai wadda ta daɗe ba ta shigo gidana ba bayan ranar. Amma ba mai cewa an yi maguɗi. Da aka ce in juyo na ga layina ya fi tsawo, abin da ya fara zo mini shi ne nauyi, domin na san fuskar kowace ɗaya a cikinsu.

Mai rubutu ya rubuta takardar zama: rana, wuri, garuruwan da suka zo, sharuɗɗan da muka sa, yadda aka yi zaɓen, da sunayenmu. Wakilai suka dangwala yatsa. Ina roƙon duk wadda za ta bi wannan hanya kada ta bar wurin taro sai ta ga an rubuta wannan takarda an karanta mata, domin ita ce kaɗai ke hana a canja suna a hanya. Aka karɓi katin shaidarmu don a rubuta sunaye daidai. Abokiyar tafiyata ba ta da kati, ba ta da takardar haihuwa, sai da aka bi ta hanyar shaidu aka yi mata. Kofo ta gunduma ta haɗa namu da na manoma da makiyaya da matasa, aka tura sama don a fitar da takardar naɗi ta hukuma, wadda ake kira arete. Mun jira watanni. Da ta fito aka kira mu, firefe ya zo, aka karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya, aka yi addu'a. Sannan aka yi mana horo na ƴan kwanaki a kan dokokin da irin takardun da ake bayarwa.

Babu albashi. Ina nanata wannan don akwai masu zaton ina karɓar wani abu duk wata. Idan wani furoje ne ya ɗauki nauyin zama, a ba mu kuɗin mota da na abinci. Idan babu, da jakata ta ƙuli-ƙuli nake hawa kabu-kabu. Akwai lokacin da aka yi watanni ba a kira zama ba saboda babu ko man babur, kuma wannan ciwo ne da ke kashe Kofo da yawa: sunaye na nan a takarda, aiki babu.

Inda na gane amfanin hanyar da aka bi aka kawo ni shi ne zaman sakin gonaki. Kowace shekara Kofo na ba da shawara a kan ranar da za a bar dabbobi su shiga gonaki bayan girbi, shawarwarin su hau zuwa jiha, gwamna ya sa hannu a kan rana. A zaman farko da na halarta, ma'aikacin noma ya ce hatsi ya shiga rumbu, ana iya saki da wuri. Maza suka gyaɗa kai. Gabana na faɗuwa na ɗaga hannu na ce, "Ranka ya daɗe, hatsin gandu ne ya shiga rumbu. Mu mata sai an gama shukar gandu muke samun mu shuka namu, saboda haka wakenmu yana baya, har yanzu yana gona, harawa ma ba mu ɗaure ba." Wani ya ce maganar mata ce, ai ɗan wake ne. Na ce, "Ba maganata ba ce. Matan garuruwan komin ɗin nan ne suka yi layi suka turo ni, kuma ranar asusu zan koma in faɗa musu abin da aka ce." Wurin ya yi tsit. Sarki ya ce a rubuta.

Abokiyata ta rugage ba ta goyi bayana ba, kuma tana da hujja. Ta ce shanunsu suna tsaye a bakin burtali, ciyawar wurin ta ƙare, nono ya ja baya, kowace rana aka ƙara yara ne ke kwana da yunwa. A nan aka fara magana ta gaskiya, ni da ita, a gaban mutanen da da ba don mu ba da sun rufe zancen cikin minti kaɗan. Shawarar da aka tura ba ta kai yadda na so ba, ba ta kuma yi kusa yadda ta so ba, aka kuma roƙi masu gari su yi shela a taimaki mata da gayya a kwashe wake. A hanyar komawa mota ɗaya muka shiga, ta ba ni fura, na ba ta ƙuli-ƙuli.

Ban da wannan, yawancin aikina na yawo ne da baki. Ina bin asusu-asusu ina gaya wa mata cewa idan miji ko uba ya ba ki gona, ki kai shi gaban maigari da shaidu, sakataren Kofo ta gari ya cika takardar kyauta tun mai bayarwa yana da rai. Idan aro ce a rubuta aro, idan jingina ce a rubuta jingina da adadin kuɗin. Idan gado aka raba, a sa kowace ta san kan iyakar rabonta, kada a ce an bar shi a hannun wa ko ƙane don amana. Matar nan mai takardar ajami, maganarta ta je gaban sarki aka yi sulhu, ta samu wani sashe na gonar, aka rubuta mata shi da hatimi. Ba duka ta samu ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

A watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi. Kujerar shugabanmu ta koma hannun kantoma, ƴan majalisar da muke zama da su suka tafi tare da majalisarsu. Mu wakilan manoma da makiyaya da mata muka ci gaba da zuwa, domin ba majalisa ta kawo mu ba. Yanzu shekarunmu uku sun cika, muna jiran a kira taron sabuntawa. Ni da abokiyata mun riga mun kai wa sakataren Kofo buƙatunmu a rubuce: a yi taron bayan kaka lokacin da makiyaya sun sauko, a yi shela a kowane gari da kowace ruga tun da sauran lokaci, kuma a karanta takardar zama da Hausa da Fulatanci kafin kowa ya dangwala yatsa. A asusunmu akwai mata biyu da suka ce za su tsaya, na fara tafiya da su zama suna saurare daga baya.